Mene Ne Retinol?

Sunan nan retinol, wanda ya yawaita a bakin masu tallar man shafawa har ya iso shagunan Azare da Gamawa, nau'i ne na sinadarin bitamin A. Idan ya ratsa fata sai ya gaggauta zubar tsohuwa da tsirar sabuwa, ta haka yake rage ƙuraje da tabo da tamoji, amma fa'idarsa ba ta cika bayyana sai bayan kamar wata uku.

Ƙa'idarsa ita ce a shafa da dare kaɗai, gwargwadon ƙwayar wake, a busasshiyar fuska, sau biyu a mako tukuna, a nisanci gefen ido da leɓe, sannan a bi da mai mai taushi irin man kaɗanya, domin da farko fata takan yi ja ta yi saɓa, musamman da hunturu. Da safe kuwa wajibi ne a shafa man kariya daga rana, balle a ƙasar Katagum inda ranar bazara ba ta da sassauci.

Mace mai juna biyu lalle ta ƙaurace masa, saboda tsoron cutar da ɗan tayi. Mai saye ya duba lambar NAFDAC, mai ciwon fata kuwa ya fara ganin likita.