Dila Malamin Daji da Ɗan'uwansa na Ƙasar Nabaho

Duk wanda dare ya taɓa riska a gefen Dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, mai yiwuwa ya ji wani kuka siriri daga nesa, wani kuma ya amsa daga wani ɓangare. Wannan shi ne dila, wanda kakanninmu suka naɗa wa rawanin malanta suka ce da shi malamin daji. Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi ita ce: me suka gani a wannan ƙaramar dabba har suka fifita ta a kan zaki wajen basira?

Shaidar tatsuniya

Mai karatu zai tuna da labarin rabon nama. Zaki ya sa kura ta raba abin da aka farauto, ta cire wa kanta kaso mai tsoka, zaki ya kai mata mari har ƙasa. Da aka juyo kan dila, sai ya tattara komai ya miƙa wa zaki. Aka tambaye shi inda ya koyi wannan adalci, ya nuna kura a kwance. Wato dila ba ƙarfi gare shi ba, lura gare shi.

Abin mamaki, akwai wata al'umma da ba ta taɓa jin Hausa ba, amma ta yi wa dangin dila irin wannan kallo. Su ne Nabaho, 'yan asalin Amurka da ke zaune a jihohin Arizona da Yuta da Sabuwar Meziko. Dabbar tasu ita ce koyoti, wanda suke kira Ma'ii. A labarinsu, lokacin da ake jera taurari a tsanake, ciki har da waɗanda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, sai koyoti ya ƙosa, ya fizge ragowar ya watsa sama. Shi ya sa yawancin taurari ba su da tsari. A wani labarin kuma ya saci ɗan dodon ruwa, ambaliya ta biyo mutane. Don haka nasu gwanin ya haɗa wayon dila da ɓarnar Gizo. Kamar yadda ake hana yaranmu tatsuniya da rana, haka Nabaho ba sa ba da labarin koyoti sai lokacin hunturu.

Shaidar kimiyya

Dila da koyoti duk dangin kare ne. A Arewacin Nijeriya iri biyu muke kira dila. Akwai mai ratsi a haƙarƙari da farin bakin wutsiya, wanda ya fi son daji mai duhuwa irin na Falgore. Akwai kuma mai ruwan ƙasa na wuraren da suka fi bushewa. An daɗe ana ɗaukar wannan na biyu a matsayin dilan Asiya, sai a 1915 da ɗari, wato 2015, binciken ƙwayoyin gado ya nuna jinsi ne mai zaman kansa, kuma ya fi kusa da kyarkecin Turai da koyoti. Ashe zumuncin ya wuce na tatsuniya.

Sirrin wayon nasu shi ne rashin zaɓen abinci. Zaki sai nama, in babu ya yi ƙaura ko ya mutu. Dila kuwa yana cin ɓera da gafiya da fara da gara da mushe, har da 'ya'yan itace da suka faɗo, kamar kanya da magarya. Namiji da mace sukan zauna tare tsawon shekaru, su yi renon 'ya'ya uku zuwa shida a tsohon suri ko ramin dabgi, bayan ciki na kimanin wata biyu. Idan suka ji motsin mutum, sai su mayar da yawonsu dare.

Koyoti ya nuna iyakar wannan baiwa. A 1931 Amurka ta yi dokar da ta ƙarfafa yaƙi da namun dajin da ke kama dabbobin kiwo, aka bi shi da tarko da bindiga da guba. Duk da haka, dabbar da a da aka fi sani a yammaci da tsakiyar nahiyar ta bazu har gabas, ta shiga birane, ta kai ƙasar Panama. Kyarkecin da ke danne shi ne ya ƙare a wurare da yawa, kuma idan an rage yawansu abinci yakan wadata, 'ya'ya da yawa su rayu.

Abin da ya shafe mu

Kada wannan ya ruɗe mu. Dajin Falgore, wanda aka mayar wurin kare namun daji a 1969, yana fama da sara da ƙonon gawayi. Bugu da ƙari, wanda dila ya ɗauke wa kaza ko ɗan akuya yakan barbaɗa guba a mushe. Gubar ba ta tambayar suna: ungulu za ta ci, karen gida zai ci. Wanda ya ci riba shi ne ɓeran da ke jiran masara da dawa a gonakin Doguwa da Ƙiru. Akurki mai ƙarfi da turke mai shinge sun fi guba arha. Sai dai a kiyaye: dilan da ya shigo gari da rana ba ya tsoron mutum yana iya ɗauke da ciwon haukan kare, kada a kusance shi.

Ina roƙon malamai, daga makarantun Bebeji kusa da Madatsar Tiga har zuwa Riruwai, su ba ɗalibai aiki guda. Kowa ya samu tsohuwa ta ba shi tatsuniyar dila, ya samu maharbi ko makiyayi ya gaya masa yaushe rabonsa da ganin dila, a ina, kuma yana cin me. A rubuta duka biyun a littafi ɗaya, da kwanan wata da sunan ƙauye. Tsofaffin nan suna tafiya, dajin kuma yana raguwa. Abin da ba a rubuta bana ba, baɗi sai dai a ji shi a bakin wanda bai gani ba.