Farantin Ƙarfe Ba Kayan Wasa Ba Ne

Farantin ƙarfe mai tsawon mita 6, faɗin mita 2, kaurin milimita 20 kacal, nauyinsa ya kai kilo 1,884, wato kusan tan biyu.

Shi ya sa masu ɗauko shi daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, idan sun san aikinsu, suke jera katako tsakanin farantan, su ɗaure su tamau da sarƙa. Ƙarfe kan ƙarfe santsi gare shi. Direban tirela na taka birki da ƙarfi, farantin da bai ɗauru ba sai ya zame ya nufi kan mota. Gefensa kuma yana tsinka igiya.

A sito ma kan katako ake kwantar da shi, don danshin ƙasa na jawo tsatsa. Jingina shi da bango kuwa ganganci ne: in ya kife, ƙafar lebura yake samu.