"Aboki": Suna Ɗaya, Ma'ana Barkatai

Yau kalma ɗaya tak na kawo mana: aboki.

A wajenmu, aboki shi ne wanda kuka taso tare, kuke ci a kwano ɗaya. To ranar da na fara sauka Legas, ina tsaye bakin titi a Agege, sai wani ya ƙwala min kira: "Aboki!" Na juyo da fara'a, na ɗauka wani ne ya gane ni. Ashe takalmi yake so in goge masa!

A Kudu, kalmar ta zama sunan duk ɗan Arewa, Bahaushe ne, Babarbare ne, ko Bazabarme daga Nijar. Mai shayi aboki, maigadi aboki, mai canjin dala ma aboki. Hatta AbokiFX, shafin farashin dala da Babban Bankin Najeriya ya yi wa caa a 2021, daga nan ya ɗauko sunansa. A bakin wasu kuwa zagi ne: bagidaje, wanda bai waye ba. Sai ga Ice Prince na Jos a 2012 ya saki waƙar "Aboki", ya mayar da sunan abin alfahari.

Ni dai muryar mai kiran nake saurara. In da mutunci, in amsa. In da raini, sai in ce, "Ina da suna, amma in abota kake nema, bismillah."

Ku fa, ya kuke ji in an kira ku haka? Sai mun haɗu a shiri na gaba.