Laftof ko Kwamfutar Tebur: Nazarin Zaɓin Kwamfutar Wasa ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayar da ke fuskantar mai son mallakar kwamfutar da za ta ɗauki wasannin bidiyo na zamani alhali kuɗinsa ƙalilan ne: laftof zai saya ko kwamfutar tebur? An yi bayanin yadda kuɗin saye ke rarrabuwa a kowace na'ura, da bambancin ƙarfin katin hoto, da tasirin zafi da ƙura da ƙarancin wutar lantarki, da damar gyara da ƙari. Maƙalar ta nuna cewa kwamfutar tebur ta fi ba da ƙarfi da tsawon rai a kan kowace naira, amma rinjayen nata yana tabbata ne ga wanda yake da mazauni guda da tsayayyar hanyar samun wuta.

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar wasa na'ura ce da aka ƙera domin ta zana hotuna masu motsi da sauri, aƙalla hoto 60 a kowace daƙiƙa, yadda ido ba zai ga tsinkewa ba. Wannan ƙarfi shi ne kuma abin da mai tace fim da ɗalibin zanen gine-gine da mai ƙirƙirar hotuna masu siffa uku suke buƙata. Saboda haka matasa da dama sukan sayi irin wannan na'ura domin wasa da karatu da neman abinci a lokaci guda.

Kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, abin da ɗalibi kan tara a shekara guda ya koma yana buƙatar tarin shekaru. Wanda ya yi kuskuren zaɓi zai zauna da kuskurensa tsawon lokaci, domin ba lallai ne ya sake samun irin wannan kuɗi nan kusa ba.

2.0 Inda Kuɗin Saye Ke Tafiya

A harkar wasa, katin hoto shi ne ƙashin bayan kwamfuta, domin shi ke lissafa haske da launi da motsin duk abin da ke bayyana a sikirin. Furosesa da ram suna taimaka masa, amma mafi yawan wasanni a kansa suke jingina.

Mai sayen laftof yana biyan kuɗin abubuwa da yawa a dunƙule: sikirin da kibod da batir da caja da lasifika da kyamara, haɗi da fasahar da ta matse su duka cikin siririn akwati. Abin da ya rage ne ke tafiya ga katin hoto. Mai haɗa kwamfutar tebur kuwa shi ke raba kuɗinsa da kansa. Yana iya sayen akwati mai araha da tsohon sikirin, ko ma ya jona talabijin ɗin gida, ya zuba mafi tsokar kuɗin a kan katin hoto.

Sai dai akwai lissafin da masu saye kan manta. Farashin da ake faɗa na kwamfutar tebur galibi na akwatin ne kawai. Idan mutum ba shi da sikirin da kibod da linzami da na'urar riƙe wuta, dole ya tara kuɗinsu a kan farashin kafin ya kwatanta da laftof. A matakin mafi ƙarancin kuɗi, wannan ƙari yana iya cinye rabin ratar da ke tsakanin na'urorin biyu ko fiye.

3.0 Suna Ɗaya, Ƙarfi Daban

Kamfanin Nvidia yana sanya wa katin laftof da na tebur suna iri ɗaya, kuma wannan yana rikitar da masu saye. Katin RTX 3060 na tebur ya fito da ma'adanar hoto mai gigabait 12, yana jan wuta kimanin wat 170, alhali takwaransa na laftof gigabait 6 kawai gare shi. A can sama kuma, RTX 4090 na tebur yana da gigabait 24 da wat 450, na laftof kuwa gigabait 16 ne, an kuma gina shi a kan irin ƙwayar da ke cikin RTX 4080 na tebur.

Ko tsakanin laftof da laftof akwai bambanci. An bai wa masu ƙera laftof damar saita RTX 4060 a ko'ina tsakanin wat 35 da wat 115. Laftof biyu na iya ɗaukar wannan suna a jikin kwalinsu, amma siririyar da aka taƙaita wa wuta ta kasance a baya nesa. Don haka tambayar da ta kamata mai saye ya yi wa ɗan kasuwa ita ce: wat nawa aka bai wa katin?

Akwai wani batu da ke goyon bayan laftof. RTX 4060 na tebur, wanda ya fito a 2023 a kan dala 299, shi ma wat 115 yake ja, kuma gigabait 8 gare shi kamar na laftof. Idan aka sami laftof da aka sakar wa katinta cikakkiyar wuta, tazarar da ke tsakaninta da kwamfutar tebur mai wannan kati kaɗan ce. Ratar ta fi faɗi a manyan katuna masu tsada, waɗanda dama mai ƙaramin ƙarfi ba ya kai wa gare su.

4.0 Zafi, Ƙura da Wutar Lantarki

Duk wutar da kwamfuta ta ja tana komawa zafi, kuma dole a fitar da shi. Idan furosesa ya kusanci digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, yakan rage gudunsa da kansa domin kada ya lalace, sai wasa ya fara tsinkewa. Laftof tana da ƙananan fankoki da ƙuntatattun hanyoyin iska, ga shi a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40. Da hunturu kuma ƙura takan toshe hanyoyin iskar. Buɗe akwatin tebur a kakkaɓe shi aikin 'yan mintuna ne, amma share cikin laftof sai an kwance ta, sau da yawa a wajen mai gyara.

A batun wuta ne laftof take da hujja mafi ƙarfi. Idan aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur takan mutu nan take, aikin da ba a adana ba ya salwanta, yawan faruwar haka kuma yana iya ɓata fayiloli. Laftof kuwa takan koma kan batirinta ba tare da yankewa ba. Kwamfutar tebur matsakaiciya, tare da sikirinta, tana jan wat 250 ko kusa da haka a lokacin wasa, wanda ya fi abin da laftof mai araha ke ja. Ga mai dogaro da sola da inbata ko ƙaramin janareta, wannan bambanci kuɗi ne da zai riƙa fita kullum.

Duk da haka, bai kamata a ɗora wa batir abin da ba zai iya ba. Ƙa'idar jiragen sama ta iyakance batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da izini ba zuwa wat-awa 100, shi ya sa masu ƙera laftof ba sa wuce wannan iyaka, kuma masu araha da yawa suna tsayawa a wajajen 50 zuwa 70. Irin wannan batir zai riƙe rubutu da karatu na sa'o'i, amma babban wasa yakan shanye shi cikin sa'a guda ko makamancin haka. Bayan haka, da zarar an cire caja, laftof takan rage ƙarfin katinta. Amfanin batirin shi ne ceton aiki da ci gaba da karatu idan wuta ta tafi.

5.0 Gyara da Ƙari

Kwamfutar tebur haɗakar sassa ce masu zaman kansu. Idan sashe ɗaya ya lalace ko ya tsufa, shi kaɗai za a sauya. Misali mafi bayyana shi ne gurbin furosesa na AM4 na kamfanin AMD, wanda ya karɓi furosesoshin Ryzen na farko a 2017, ya kuma ci gaba da karɓar sababbi har da Ryzen 7 5800X3D na 2022. Mutum zai iya farawa da abin da aljihunsa ya ɗauka, ya riƙa ƙarawa a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

A laftof, furosesa da katin hoto a liƙe suke da babban faranti. Abin da ake iya ƙarawa galibi shi ne ram da ma'adanar SSD. Idan katin hoto ya mutu, gyaran yakan nufi sauya farantin gaba ɗaya, kuɗin kuma yana iya kusantar na sayen wata. Batir ma yana raguwa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta tsufansa.

6.0 Sayen Na Hannu

Mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi a kasuwar kayan hannu suke ƙarewa, kamar ta Computer Village da ke Ikeja ko shagunan titin Beirut a Kano. A nan ma akwai abubuwan lura. Na farko, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na bai ɗaya a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Na'urar da ta girmi haka arahar ta ba ta da ado. Na biyu, bayan Ethereum ta daina dogaro da haƙo ta katin hoto a watan Satumban 2022, katuna masu yawa da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. Ya kamata a gwada kati da wasa mai nauyi na aƙalla rabin sa'a, ana duba zafinsa da ƙarar fankarsa, kafin a biya.

Wata hanya mai sauƙi ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex, a sanya mata katin da ba ya buƙatar ƙarin wayar wuta. Gurbin kati yana ba da har wat 75, wanda ya ishi RTX 3050 mai gigabait 6 da yawancin samfuran GTX 1650. Sai dai a tabbatar tsayin katin ya dace da akwatin.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa yanayin rayuwar mai saye shi ke yanke hukunci. Wanda yake da ɗaki nasa da wutar da za a iya dogara da ita, ya fi masa alheri ya haɗa kwamfutar tebur, ya fifita katin hoto, ya ware kuɗin na'urar riƙe wuta tun farko. Ɗalibin da ke zaune a hostel, yana kai-kawo tsakanin aji da laburare da gida, ko wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, laftof ce ta dace da shi, da sharaɗin ya bincika wat ɗin katinta, ya tabbatar ram ɗinta ta kai gigabait 16 ko ana iya ƙara ta, ya kuma riƙa share mata ƙura. Wanda kuma ya riga ya mallaki ƙaramar laftof ta karatu, babu dalilin da zai sa ya sake biyan kuɗin sikirin da batir. Ya riƙe ta domin zirga-zirga, ya zuba abin da ya tara a kan kwamfutar tebur.