Auna Saiwar Gero ta Hanyar Hoto

Manomi a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura da ganye da zangarniya yake gane lafiyar gero. Amma a jigawa, inda ruwa ba ya daɗewa, saiwa ce ke raba geron da zai jure fari da wanda zai ƙone. Wahalar ita ce saiwa a ɓoye take, in kuwa aka tone ta shukar ta mutu.

A 1966 masani Newman ya fito da wata dabara, wato a baza saiwa bisa layuka, a ƙirga wuraren da ta gitta su, a ƙiyasta tsawonta. Wannan aiki ne mai cin lokaci. Yanzu akan shuka iri cikin akwati mai bangon gilashi, a riƙa ɗaukar hotonsa kullum, manhajar kwamfuta irin RootNav, wadda Jami'ar Nottingham ta fitar a 2013, ta auna tsawon saiwa da rassanta.

Binciken da aka buga a 2016 ya nuna saiwar gero ta farko takan nutsa da sauri kafin ta yi rassa. Saboda haka masu zaɓen iri suka sami ma'aunin geron da zai tsira in ruwa ya ɗauke bayan shuka.