Finyata: Tukunyar Da Ake Yi Don A Fasa

A ƙasar Meziko, maƙwabciyar Amurka ta kudu, da wuya a yi bikin ranar haihuwar yaro ba a rataye finyata ba. Wata aba ce kamar tukunya, an lulluɓe ta da takardu masu launi, an cika cikinta da alawa. Ana ɗaure wa yaro ido da ƙyalle, a jujjuya shi har ya rasa gabas da yamma, sannan a ba shi sanda ya nemi finyatar ya doka. Wani babba yana riƙe da igiyar, yana ja yana saki don kada a same ta da sauƙi. Sauran yara suna rera waƙa, da ta ƙare sai a karɓi sanda a ba na gaba. Sa'ad da ta fashe kuwa, sai wawaso.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci mai nufin tukunyar ƙasa, kuma da tukunyar ƙasa aka fara yin ta. Ta gargajiya tana da ƙahoni 7 kamar tauraro. Malaman addinin Kirista da suka zo daga Sifen a ƙarni na 16 sun yi amfani da ita wajen koyarwa: ƙahonin su ne manyan zunubai 7 a koyarwarsu, fasa ta kuma alamar cin nasara a kansu. Har yau ana fasa irinta a bukukuwan dare 9 da ake yi daga 16 zuwa 24 ga Disamba, kuma abin da ake zubawa a ciki duk mun san shi: gyaɗa, gutsattsarin rake da lemo. Ta ranar haihuwa ba ta da wannan ƙa'ida. Ana yin ta da siffar jaki, ko mota, ko duk abin da yaron yake so.

Ku ma za ku iya yin ta a aji, amma ban da tukunyar ƙasa, domin tsingaro yana yanka. Ku nemi balan-balan, tsohuwar jarida, kwali, igiya da fulawa. A dama fulawar da ruwa ta yi kaurin koko. A hura balan-balan, a yayyaga jarida siriri-siriri, a tsoma a cikin damun, a manna har ya rufu, amma a bar ɗan wuri kusa da bakin. A shanya ya bushe ƙarau kafin a ƙara wani rufi.

A nan gwanintar take. Rufi ɗaya ko biyu, dukan farko zai fasa ta, yara goma su tashi ba su taɓa sanda ba. Rufi shida kuwa, sai a yini ana duka kamar ana sussuka, ƙanana su gaji su fara kuka. Rufi uku ya fi dacewa a ganina. Masu gaggawa su sani, in aka ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a kan wadda ba ta bushe ba, fumfuna ce za ta biyo baya.

Da ta bushe, a fasa balan-balan a zare shi. A huda wuri uku a kusa da bakin, a zura igiya, a naɗe kwali a yi ƙahoni a manna, a yi ado da takarda mai launi. Sai a zuba alawa mai leda da gyaɗa mai ɓawo, tunda ƙasa za su zuba, a toshe bakin.

Ranar fasawa a shata da'ira a ƙasa, kada kowa ya shiga sai mai sanda ya ajiye sandarsa. A fara da 'yan ƙanana. A kuma ware alawa a gefe a cikin 'yan ƙulle-ƙulle, kamar yadda iyaye suke yi a Meziko, saboda wanda manya suka danne a wawaso ya fito hannu rabbana.