Kwamfresar Beljiyam da maganganun bakin gareji

Da zarar watan Maris ya kama, rana ta fara narka kwalta, masu gyaran AC na mota ba sa samun zama, kuma a lokacin ne gardama kan kwamfresa ke tashi. Wasu sun dage cewa ta Beljiyam, wadda aka ciro daga tsohuwar mota a Turai ko Amurka aka kawo Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ta fi sabuwa ta kwali ƙarko. Wasu kuma rantsuwa suke yi cewa sayen ta asarar kuɗi ne, ba ta kai damina.

Maganar farko tana da gaskiyarta. Kwamfresar da mota ta fito da ita daga kamfani, irin ta Denso ko Sanden, in daga motar da haɗari ya kwantar aka ciro ta, takan fi jabun sababbi masu araha aminci. Sai dai ba duk wadda aka kira Beljiyam ba ce ta hau jirgin ruwa. Akwai waɗanda a nan gida aka ciro su, aka wanke da fetur, aka fesa musu fenti. Ko ta ainihin ma, in ta daɗe a kan tebur bakinta a buɗe, ƙura ta shiga, man cikinta kuma ya sha danshi, domin man PAG da ake amfani da shi yana jan ruwa daga iska.

Akwai gwajin da 'yan kasuwa ke yi a gabanka: a murza ta da hannu, a ce, "Alhaji, ka gani, lafiya lau take." Lura da abin da aka murza. Fulin da bel ke hawa zai juya sumul ko da cikin ya mutu murus, don a kan boris yake tafiya. Farantin gaba shi ne ke haɗe da cikin kwamfresa, shi za a juya, a ji ko yana cijewa, a ɗora babban yatsa a bakin fita a ji ko tana turo iska. Wannan ma mutacciya kawai yake kamawa, ba ya nuna ƙarfinta in ta yi zafi. Abin da ya fi faɗa maka gaskiya shi ne man. A karkata ta a tsiyaye kaɗan a kan farar takarda. In ya fito garau, ko da ɗan kore na sinadarin gano yoyo, da sauƙi. In ya fito baƙi ko ruwan toka da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ajiye musu kayansu.

To me ya sa ta wasu ke mutuwa da wuri? A nan ne jita-jitar da ta fi cin kuɗin mutane take, wato cewa aikin bai wuce a kwance tsohuwa, a ɗaura wata, a ɗura gas ba. Ƙarya ce. Kwamfresar da ta ci kanta daga ciki takan watsa garin ƙarfe cikin layin gaba ɗaya, kuma duk wadda aka ɗaura bayanta, sabuwa ko tsohuwa, wannan dattin za ta haɗiya. Kamar zuba sabuwar madara ne a ƙwaryar da ba a wanke ba. Dole a wanke bututun, a canza diraya mai tsotse danshi, a duba bawul ɗin da ke fesa gas, sau da yawa a canza shi ma. Kwandensar motocin zamani kuwa ramukanta sirara ne ƙwarai, wanki ba ya fitar da dattinsu, sai canji. Bayan an haɗa, a sa injin zuƙe iska ya yi kamar rabin awa kafin gas ya shiga. Mai gyaran da ya ce zai kori iskar da gas ɗin kansa, saurin ya karɓi mota ta gaba yake yi. Yawancin laifin da ake ɗora wa Beljiyam, na wannan gajeriyar hanya ne.

Man kwamfresa kuma, ba yawansa ake so ba. In ya yi kaɗan kwamfresa ta ƙone, in ya yi yawa sanyi ya ragu. A zubar da wanda ta zo da shi, a auna sabo daidai da abin da kamfanin motar ya ƙayyade.

Haka zancen cewa gas yana ƙarewa duk shekara, shi ma ƙarya ne. Ba a ƙona shi kamar fetur, zagaye yake yi a rufaffen layi, in ya ragu to akwai yoyo. Ba kuma kowane gas ba ne na kowace mota. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka bar R-12, motoci suka koma R-134a wajen 1994, sababbin na Turai kuma tun 2017 ba a yarda su fito da R-134a ba, galibinsu R-1234yf suke sha. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irin gas da nauyinsa a giram, da sikeli ya kamata a ɗura shi. R-22 na AC ɗin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin layin mota.

Kafin ma a kai ga kasuwa, a tabbatar kwamfresar ce ta mutu. In gas ya yi ƙasa sosai, akwai makunnin kariya da ke hana ta tashi. Fis ko rile na iya ƙonewa, fankar gaba na iya tsayawa, maganaɗisun kulocin kwamfresar na iya lalacewa shi kaɗai, a wasu sababbin motoci kuma ɗan bawul ɗin lantarki da ke jikinta ne ke maƙalewa. Duk waɗannan gyaransu bai kai kuɗin kwamfresa ba.

In ta tabbata sai an saya, tafi da tsohuwar a hannu, a gwada lambar jikinsu, yawan layukan fuli da irin soket, don shigar kusoshi kaɗai ba ta isa ba. Kwanakin gwajin da mai shago ya yi alkawari, ya rubuta su a rasit, kuma a ɗaura ta kafin su cika.